Ko Ka Sani? Sikelin Da Ke Ƙirga Abin Da Ido Ba Ya Gani

A ɗakin gwajin sinadarai akwai wani ɗan sikeli da ake rufewa da gilashi don kada iska ta taɓa shi. Yana iya auna nauyin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na giram ba. Abin mamaki, da shi masana ke ƙirga atam, ƙwayoyin zarra da ido ba ya iya gani.

Dabarar irin ta mai sayar da ƙusa ce: in ya san nauyin guda ɗaya, sai ya aza tulin a sikeli ya san yawansu. Masana sinadarai suna da nasu ma'aunin, sunansa mol. Mol ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, wato lambar Abogadro, daga sunan masanin Italiya Amedeo Avogadro, wanda ya kawo ra'ayinsa kan iskar gas a 1811. Bafaranshe Jean Perrin ne ya raɗa wa lambar wannan suna a 1909. Da mutanen duniya biliyan 8 za su zauna kowa na ƙirga ƙwaya ɗaya a daƙiƙa, sai sun haura shekara miliyan 2 kafin su gama mol guda.

Ga yadda lissafin yake da sukarin shayi. Kowace ƙwayar sukari tana da kabon 12, haidurojin 22 da oksijin 11, jimilla atam 45. Mol ɗaya na sukari nauyinsa giram 342 ne. In sikeli ya nuna giram 34.2, a raba da 342, an samu mol 0.1. A ninka da lambar Abogadro, an samu ƙwayoyin sukari 6.022 × 10²². A sake ninkawa da 45, sai ga atam kusan 2.7 × 10²⁴. Ruwa ma haka: giram 18 mol ɗaya ne, kowace ƙwaya kuma atam 3 gare ta.

To, ita lambar ta yaya aka tantance ta? Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce wata ƙwallo ta silikon-28 mai nauyin kilo ɗaya, faɗinta kusan santimita 9.4, wadda cibiyar awo ta Jamus, PTB, da takwarorinta suka yi aiki a kanta. An goge ta har ta shiga cikin abubuwa mafi zagaye da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa. Da hasken leza aka auna girmanta, da hasken X-ray kuma aka auna tazarar da ke tsakanin atam ɗinta, sai yawansu ya fito.

Tun ranar 20 ga Mayu, 2019, an tsayar da lambar a 6.02214076 × 10²³, kuma da ita ake lissafi a makarantu da masana'antun magani a duk duniya.