Kwaɗo Mai Dafi da Tsuntsu Mai Faɗa

Yau za mu ƙetare teku zuwa Amurka ta Kudu, mu duba halittu biyu waɗanda ba su san ɓuya ba, ko da ya ke dukansu ƙanana ne.

Na fari kwaɗo ne na kurmin Kolombiya, wajen gaɓar tekun Fasifik. Tsawonsa inci 2 ne kawai, jikinsa rawaya kamar garin ɗorawa. Kun san kwaɗon ƙasarmu, da dare ya ke fita, ya yi kala da ƙasa. Wannan kuwa da rana tsaka ya ke yawo, ba ruwansa da kowa, gama fatarsa cike ta ke da mugun dafi. Maharbanmu na dā su kan dafa kwankwani kafin su sami dafin kibiya. Mutanen Embera na kurmin nan ba su dafa kome: su kan goga tsinin 'yar kibiyarsu a bayan kwaɗon, su hura ta cikin dogon bututu. Sai a shekarar 1978 masana suka rubuta shi cikin littattafansu.

To, ga abin mamaki: dafin nan ba nasa ba ne. Daga ƙananan ƙwarin da ya ke ci a kurmi ya ke tara shi. Wanda aka ƙyanƙyashe a gida, aka ciyad da shi da ƙuda, ba shi da dafi ko kaɗan, amma rawayarsa tana nan.

Na biyu tsuntsu ne, kiskadi, wanda kukansa ya ba shi suna. Danginsa sun fi iri 400, duka a nahiyar Amurka, Turawa kuwa su kan kira su azzalumai masu kamun ƙuda. Shi ma cikinsa rawaya ne, shi ma ƙwari ya ke ci, har da ƙadangaru da ƙananan kwaɗi. Amma ba shi da dafi, sai ƙarfin hali. In shaho ya matso kusa da sheƙarsa, sai ya tasam masa da kuka da sara har ya kore shi. A ganina nasa ya fi wuya, don kowace rana sai ya sake yin faɗan, kwaɗo kuwa zamansa kawai ya ke yi.

Duk da faɗansa, akwai launin da kiskadi ya ke tsoro. A shekarar 1977 aka ba da labarin wani gwaji: an nuna wa 'ya'yansa, waɗanda ba su taɓa ganin maciji ba, sanda mai zoben ja da rawaya irin na wani maciji mai dafi. Suka ƙi taɓa ta.