Shin AC na tace ƙurar hunturu? Abin da uwargida ya kamata ta sani

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauko a Kano, Maiduguri ko Zinder, iyaye mata da yawa kan rufe tagogi su kunna AC da tunanin cewa iskar ɗakin ta zama tsabtatacciya. Amma duk da haka yaro mai asma ya kwana yana tari, jariri kuma hancinsa ya toshe. Dalili shi ne, sanyaya iska daban, tace ta daban.

Yawancin ƙurar da muke shaƙa a wannan lokaci iska ce ke kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki wanda ke cikin wuraren da suka fi fitar da ƙura a duniya. Wadda kike gogewa a kan tebur ita ce mai nauyi, kuma hanci da maƙogwaro na tare mafi yawanta. Mai haɗarin ita ce wadda ido ba ya gani, wadda masana ke kira PM2.5. Ƙwayarta ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta har kusan sau 30, don haka takan zarce can cikin huhu. Yara sun fi cutuwa da ita, saboda huhunsu bai gama girma ba, kuma numfashinsu ya fi na manya sauri. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage mizanin da take ɗauka a matsayin mai sauƙin illa daga maikrogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin lissafin shekara.

Ragar da ke cikin AC

Ki ɗaga murfin AC ɗin bangon ɗakinki, za ki ga raga ta roba mai kama da gidan sauro. An sa ta ne don ta kare cikin na'urar daga gashi, zare da manyan ƙura. Ƙananan ƙwayoyin nan kuwa wucewa suke yi kamar yadda gari ke ratsa rariya. Sannan irin wannan AC ba ya shigo da sabuwar iska daga waje. Iskar ɗakin yake ta jujjuyawa.

Duk da haka ragar na buƙatar kulawa. Idan ta toshe, sanyi zai ragu, wuta ta ƙara tafiya. A lokacin hazo ki cire ta duk mako biyu, ki wanke da ruwa, ki shanya a inuwa ta bushe sarai kafin ki mayar.

MERV da HEPA: me suke nufi?

A Amurka da Kanada gidaje da yawa na da na'ura guda da ke tura iska mai ɗumi ko mai sanyi zuwa kowane ɗaki ta bututu. Duk iskar gidan takan bi ta matata guda, shi ya sa ingancin matatar ke da muhimmanci a can. Ana auna shi da ma'aunin MERV, daga 1 zuwa 16. Mai lamba 13 tana kama aƙalla rabin ƙwayoyi mafi ƙanƙanta da ake gwada ta da su, kuma ita aka yi ta ba da shawarar a sa lokacin annobar korona. Idan kina zaune a gida mai irin wannan tsari, ki tambayi mai gyara ko na'urarku za ta iya ɗaukarta, domin matata mai kauri na iya wahalar da fankar da ba ta da ƙarfi.

HEPA ta fi wannan. An ƙirƙiro ta a shekarun 1940 don tare ƙura mai guba a wuraren aikin nukiliya, kuma tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikron 0.3. Sai dai kada ki yarda wani ya yanko ta ya cusa miki a AC ɗin bango. Za ta tare iska, ƙanƙara ta taru a ciki, na'urar ta lalace. Wurinta shi ne na'urar tace iska mai zaman kanta, wadda ake ajiyewa a ƙasa kamar fanka.

Kafin ki fitar da kuɗi

Ki duba an rubuta HEPA ta gaske, ko H13. Ki nemi lambar CADR, wato yawan tsabtatacciyar iskar da na'urar ke bayarwa. A ƙa'ida, lambar ta kai kashi biyu cikin uku na faɗin ɗakin a ma'aunin ƙafa: ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yana son CADR kusan 100. Ki tambayi kuɗin sabuwar matata da inda ake samunta, domin ana sauya ta ne bayan wata 6 zuwa 12, ƙila ma kafin haka a garin ƙura, kuma yawancinsu ba a wanke su. Ki guji masu fitar da iskar ozon, tana tayar da asma.

Idan guda ɗaya za ki iya saya, ɗakin kwanan yara ya fi cancanta. Ƙanana daga cikinsu ba su fi fanka cin wuta sosai ba, sola ko inbata na iya riƙe su.

Akwai kuma hanya mai rahusa. A 2020 wasu Amurkawa biyu, Richard Corsi da Jim Rosenthal, suka fito da dabarar haɗa matatun MERV 13 da fanka mai siffar akwati, a manne su da salatif. Matsalarta a wajenmu ita ce samun matatun.

Abin da matata ba za ta yi ba

Ba duk gurɓatar iska ce ke shigowa daga waje ba. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da hayaƙin girki duk suna cika ɗaki da irin waɗannan ƙwayoyi. Ki turara ɗaki lokacin da yara ba sa ciki, ki bari hayaƙin ya fita. Wajen shara, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, ki toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane.

Mafi muhimmanci, babu matatar HEPA da ke kama iskar kabon monoksaid da gawayi da janareto ke fitarwa. Ba ta da wari ko launi, kuma tana kashe mutane cikin barci. Komai tsananin sanyi, kada kaskon garwashi ya kwana a rufaffen ɗaki, janareto kuma ya yi nesa da taga.

Idan kuwa yaro na numfashi da sauri, ƙirjinsa na lotsawa ko leɓensa ya sauya launi, wannan ya wuce batun na'ura. A garzaya da shi asibiti.