Asta, Furen Kan Dutse

A ƙasar Turai akwai waɗansu manyan duwatsu da a ke kira Alps. Sun ratsa Faransa, da Italiya, da Suwizalan, da Ostiriya, da Jamus. Can bisa duwatsun nan wani ɗan tsiro ya ke fitowa da kansa, sunansa asta. Ma'anar sunan nan a harshen Girka ita ce tauraro, gama furensa ya yi kama da tauraro. Wani masani mutumin Suwidin, Liniyas, ya rubuta sunansa cikin littafi a shekarar 1753.

Ana samun asta har inda tsawon dutse ya kai mita 3,000. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi, mita 2,419 ne. Mun san in an hau dutse sanyi ya kan ƙaru. A can, ƙanƙara ta kan rufe ƙasa wata da watanni, ga kuma iska mai ƙarfi. To, yaya tsiron nan ya ke rayuwa?

Na farko, gajere ne. Tsawonsa ba ya cika wuce taƙi ɗaya ba, wato kamar santimita 20. Saboda haka iska sai ta bi ta kansa, ba ta karya shi. Na biyu, yawancin ganyayensa suna taruwa a gindi, dab da ƙasa, inda ɗumin rana ya ke zama. Na uku, karansa da ganyensa suna da ɗan gashi mai laushi, wanda ke rage bushewa. Na huɗu, in sanyi ya yi tsanani, saiwarsa ba ta mutuwa. Tana nan kwance a ƙasa, in ƙanƙara ta narke sai ta sake toho. Ya fi son ƙasa mai irin dutsen nan da a ke yin siminti da shi.

Yana fure daga watan Yuni zuwa Agusta. Kowane kara kai ɗaya ya ke ɗauka. Tsakiyar kan rawaya ce, gefensa kuwa shuɗi-shuɗi ne mai ɗan ja. Mai kallo sai ya ce fure ɗaya ne, amma ba haka ba ne. Furanni ne ƙanana masu yawa suka taru wuri guda, kamar gidaje cikin gari. Na gefe dogaye ne kamar harshe, su ke jawo ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi. Na tsakiya suna da garin fure, wanda ƙwarin nan ke kwasa su kai wa wani kan. Daga nan kowane ƙaramin fure sai ya ba da iri ɗaya mai gashi a ka, iska ta ɗauke shi ta kai wani wuri.

Kun ga ke nan, wanda ya tsinke kai ɗaya don sha'awa, iri da yawa ya hallaka. Don haka a Jamus doka ta hana a tsinke shi a daji.

Asta ba ya fitowa a dajinmu, amma muna da danginsa. Shuwaka da latas duk danginsa ne. In shuwaka ta yi fure, ku tsinki kai ɗaya tak, ku tsaga shi da farce, ku ƙirga ƙananan furannin da ke ciki. Ku zo mana da lissafin ran karatu na gaba.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar asta?
2. Faɗi abu huɗu da ke taimakon asta a kan dutse.
3. Don me aka hana tsinke shi a Jamus?