Jirgin da aka tsamo daga kogi: tashin inji ba shaidar lafiya ba ce

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Wad Madani a watan Janairun 2025, bayan garin ya shafe fiye da shekara a hannun dakarun RSF, jama'a ke ta komowa gida, kowa na laluben abin da zai dafa ya miƙe. A ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, daga kewayen Madani zuwa Mai Wurno da Sinja har can Damazin, abin dafawar mutane da yawa jirgi ne, ko na su, ko na fito, ko na ɗauko albasa da tumatir daga gonakin bakin kogi. Sabon jirgi da sabon inji kuwa sun fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Shi ya sa ido ya koma kan na hannu, kuma a cikin na hannun babu mai araha kamar wanda ya taɓa nutsewa aka tsamo shi.

Gardama ta rabu biyu a bakin mashigi. Wasu na cewa jirgin da ruwa ya taɓa haɗiyewa ba a sake hawansa, don kogi ya san shi, zai sake kiransa. Waɗannan ba ni da dogon zance da su, ko ba komai tsoronsu ba ya kashe kowa. Ɓangare na biyu ne ke damuna, masu cewa ai Nilu ruwan daɗi ne ba ruwan gishiri irin na Bur Sudan ba, don haka ba ya cin ƙarfe. A cikinsu ne za ka ga dillali ya finciki igiya sau ɗaya, inji ya ɗauka da ƙara, ya juyo yana murmushi: "To Alhaji, ka ji da kunnenka. Me ya rage?" Abin da ya rage shi ne duk abin da ya kamata a duba.

Gaskiya ne ruwan gishiri ya fi saurin ɓarna. Amma tsatsa ba gishiri take jira ba, abu biyu kawai take nema: danshi da iska. Injin da ke kwance a ƙarƙashin kogi yana da ruwa a wadace, iskar da ke kai masa kuwa kaɗan ce, saboda haka tsatsarsa tafiyar hawainiya take yi. Ranar da aka ɗaga shi sama aka jingine a inuwa "don ya tsane", ranar ce ɓarnar gaske ke farawa. Manomi ya san wannan a jikin laujensa. Ka manta shi a cikin kwalbatin ban-ruwa kwana biyu, ka ciro shi, bakinsa bai canja sosai ba. Ka ajiye shi a jiƙe bayan ɗaki dare ɗaya, da safe ya yi ja. To lauje ana wasa shi a dutse ya dawo. Ƙarfen da ke cikin inji ba ya wasuwa.

Yawancin injunan da ake maƙalawa a bayan jirage a wannan kogi, irin su Yamaha Enduro, masu shan fetur gauraye da baƙin mai ne. Ba su da tukunyar mai a ƙasa kamar injin mota. Boris ɗin da ke riƙe da karanshaf da kwanrod, wasu ƙananan sandunan ƙarfe ne masu santsi sosai, ba su da wata kariya sai ɗan maiƙon da fetur ke bari a jikinsu yana wucewa. Ruwa na shiga ya wanke wannan maiƙo tas. Da iska ta same su, cikin sa'o'i kaɗan tsatsa ta fara yi musu ƙananan ramuka da ido ba ya gani sai an kwance. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararrun makanikai ke cewa in ba za a samu mai gyara a ranar da aka tsamo inji ba, gara a tsoma shi cikin durom na ruwa mai tsabta a bar shi a nutse har mai gyara ya iso. Mutane na jin haka su yi dariya, alhali shawarar daidai take.

Abin da ya sa cutar ke da wuyar ganewa shi ne boris mai ramuka ba ya hana inji tashi. Zai tashi yau, ya tashi gobe, ya yi fito mako biyu ko wata guda kamar ba abin da ya same shi. A duk wannan lokaci karanshaf na juyawa sau dubu huɗu zuwa biyar a minti ɗaya in an ba shi wuta, kowane juyi yana ɓantarar gefen ramin nan, garin ƙarfen yana bin mai yana goge sauran. Ranar da zai ƙame ba a bakin gaɓa zai ƙame ba, domin a bakin gaɓa ba a matsa masa. Sai an yi lodi, an shiga tsakiyar igiyar ruwa, matuƙi ya murɗa hannu har ƙarshe. Idan kuma injin yana aiki ne a lokacin da jirgin ya kife, akwai wata matsalar: fistin ya saba matse iska, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai kwanrod ya ɗan lanƙwashe. Shi ma irin wannan inji yana iya tashi.

Sannan a daina kiran ruwan wannan kogi da damina ruwa kawai. Daga Yuli zuwa Satumba ƙasar tsaunukan Habasha ce ke gangarowa a narke. Wannan laka ce ta cike fiye da rabin cikin madatsar Sinnar da aka kammala a 1925, tana cikin abin da ya sa aka ƙara wa madatsar Rusairis tsawo a 2013, ita ce kuma manyan motocin haƙa ke kwashewa daga magudanan Jazira shekara da shekaru. Babbar madatsar Habasha da aka fara tara wa ruwa a 2020 tana tare wani kaso mai yawa yanzu, amma kogin Dindir da na Rahad ba su bi ta cikinta ba, kuma taɓon da ya riga ya kwanta a gindin kogi yana nan. Lakar da ta iya cike madatsa ba za ta rasa hanyar shiga kafireta ba. Cikinta akwai yashi mai laushi wanda ke kankare bangon silinda, ya toshe hanyoyin ruwan da ke sanyaya inji, ya cinye robar famfon ruwa.

Saboda haka mai saye ya zo da bakanikensa, ba na mai sayarwa ba, ya kuma yarda ya biya shi kuɗin yini. Abu na farko, a kwance ƙusar man giya da ke ƙasa kusa da farfela a tara tafin hannu. Man kirki baƙi-baƙi ne ko ruwan zuma. In ya fito launin shayi da madara, ruwa ya shiga. In ya fito sabo fil kamar yanzu aka zuba, a tambayi dalili. A cire fulogi, a juya injin da hannu a hankali, kunne a kusa: juyi ya zama sumul, ba gurzawa, ba wurin da yake cijewa. A auna matsin kowace silinda da agogon awo, bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari tsakanin silinda biyu alama ce ta matsala. A cire kafireta a haska tocila ta ƙofar, ana iya hango karanshaf, kuma jan tabo ko ɗaya ya isa a fasa ciniki ko a rage kuɗin sabbin boris da aikin kwancewa. A ɗan fere robar waya ɗaya: jan ƙarfen ciki ya kasance yana ƙyalli, in ya yi kore ko baƙi to ruwa ya bi cikin wayar, kuma kwayil da akwatin wuta za su riƙa ɗaukewa lokacin da suka ga dama. A leƙa lungunan da tsumma ba ya kaiwa, ƙarƙashin faifan igiya da bayan wayoyi, don busasshiyar laka a can ba ta ƙarya. Daga nan sai gwaji a kan ruwa, da lodi, ana haurawa gaba da igiyar ruwa na aƙalla rabin sa'a, ana lura ko ruwan sanyaya inji yana tsartuwa da ƙarfi. Mai sayarwar da ya ce "haba ɗan'uwa, ba ka yarda da ni ba ne?" a ce masa an yarda da shi, injin ne ba a yarda da shi ba.

Wanda yake ganin an cika tsanani ya tuna watan Agustan 2018, lokacin da jirgi ɗauke da 'yan makaranta ya kife a yankin Buhaira na jihar Nahrun Nil, yara 22 suka rasu. Abin da aka ba da rahoto shi ne injin ya mutu a tsakiyar ruwa mai ƙarfi. A Yulin 2024 kuma, lokacin da jama'a ke gudu bayan faɗuwar Sinja a hannun RSF, an ba da labarin mutuwar kimanin mutum 25 da jirginsu ya nutse a wannan kogi namu a jihar Sinnar, akasarinsu mata da yara. Ba ina cewa jiragen nan tsamammu ba ne. Ina nuna abin da ke biyo baya ne idan jirgi ya gaza a inda ba a iya sauka.

Gangar jikin jirgi kuma labarinta ya sha bamban da yadda ake zato. Katako ba ya ruɓewa don ya zauna a ƙarƙashin ruwa, tun da ƙwayoyin da ke ruɓar da itace su ma iska suke buƙata. Masunta da kansu kan nutsar da jirgin katako da gangan don allunan su kumbura su toshe kafofi. Abin tambaya shi ne wata nawa ya yi a yashe a kan tudu bayan an jawo shi, rana na dukansa, ruwan sama na taruwa a cikinsa yana bushewa. A nan ne alluna ke motsewa su tsage, ruɓa ta kama wuraren da ruwa ke kwanciya, gara ta shigo ta ƙasa.

Sai maganar ƙusa, wadda a ganina ta fi komai haɗari a jirgin katako. Jiragen Nilu na gargajiya da itacen bagaruwa ake yin su, wanda ake kira sunut a nan, alluna masu kauri da ake haɗa gefe da gefe da dogayen ƙusoshin ƙarfe, sau da yawa ba tare da haƙarƙari a ciki ba. Wato ƙusar ce ke riƙe da jirgin gaba ɗaya. Bagaruwa kuwa, kamar yadda kowane majemi ya sani, cike take da sinadarin jima, kuma idan wannan sinadari ya haɗu da ƙarfe a cikin danshi sai wurin ya yi baƙi, ƙarfen ya ci, itacen da ke kewaye da shi ya yi laushi. Kan ƙusa na iya zama lafiya lau a waje, cikinta ya sirance ya kusa tsinkewa. A nemi izinin zare ƙusa biyu ko uku daga ƙasan jirgi, ba daga baki ba. A bi alluna da tsinin wuƙa, musamman inda baƙin tabo ya zagaye ƙusa da kuma allon baya da ake ɗaura inji. Inda wuƙa ta shige ba gardama, allon ya mutu. Sabuwar kwalta mai kauri da aka shafe ƙasan jirgi da ita jiya ba ado ba ce, a kankare wani wuri a ga abin da ke ƙasa.

Jirgin ƙarfe a bi shi da guduma ana ƙwanƙwasawa, ana sauraron inda sauti ya mutu, a duba layin walda, a buɗe duk wani rufaffen aljihun iska da ke gaba ko baya, domin nan laka ke maƙalewa tana cin ƙarfe daga ciki. Na faiba kuma soson da ke cikinsa ne ke shan ruwa ya ƙi saki. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jirgin da ya ɓoye lita 200 yana ɗauke da mutum uku da ba a gani tun kafin fasinja ya hau. A sa shi a ruwa ba kowa ciki, a ga ko ya zauna daidai, ko ya karkata, ko ya nutsa fiye da irinsa. Kowane iri ne, a bar shi ya kwana a ruwa da buhunan yashi a ciki, a zo da asuba kafin mai shi ya zo da kwanon kwarfa.

Akwai tambayoyin da guduma ba ta amsawa. Me ya nutsar da shi tun farko? Lodi ne ya yi yawa, ko dutse ya daka, ko harsashi, ko ɗaure shi aka yi ruwa ya ƙaru ya danne shi? Wa ya tsamo shi, kuma me aka yi wa injin a ranar? Sannan na wane ne? Kowa ya san yadda kayan da aka wawashe a wannan yaƙi suka cika kasuwanni, kuma inji yana da lamba a jikinsa. Wanda aka goge lambarsa a bar shi ko kyauta ne. A yi ciniki gaban shaidu da sarkin ruwa ko dattawan mashigi, a rubuta cewa jirgin ya taɓa nutsewa. A shari'a ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da damar mayarwa in ya gano, amma mayar da jirgi sai yana saman ruwa.

Hukumomi kuwa mun saba ganinsu bayan an yi rashi, da ta'aziyya da alkawarin kwamiti. Duk hannun da ya iya miƙewa ya karɓi kuɗin mashigi, ya kamata ya iya riƙe guduma da tocila sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya kawo, ya kuma tilasta rigunan ceto ko da na yara ne kawai. Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan masu saye da shugabannin masunta. Duk wanda zai sayi tsamammen jirgi don ɗaukar mutane, ya sa kuɗin kwance inji da canja ƙusoshi a cikin lissafinsa tun kafin ya taya. In kuɗin bai kai nan ba, to bai kai na jirgin ba, ya haƙura zuwa baɗi.