In Za A Tsuke Bakin Aljihu, Kada A Fara Ta Kan Marasa Baki

 'Yan'uwa Musulmi, muna so a wannan mako mu yi magana a kan kasafin kuɗin Jihohi, da abin da kan sami rabon wasu bayin Allah a cikinsa duk sa'ad da aka ce kuɗi ya yi ƙaranci. Muna nufin yaran da aka haifa da raunin ƙwaƙwalwa, ko suka gamu da shi tun suna ƙanana, har ya hana su zama ko tafiya ko magana ko fahimta a lokacin da tsararrakinsu suka yi, da kuma waɗanda suka girma a cikin wannan hali.

Dubi yadda magabata suka tsara garuruwanmu. Makafi suna da Sarkin Makafi, guragu suna da nasu, kutare ma haka, kuma kowannensu yana iya zuwa fada ya faɗi kukan jama'arsa. A yau ma suna da ƙungiyoyi masu kai takarda Majalisa. Amma yaron da wuyansa bai tsaya ba har ya shekara biyar, ko budurwar da hankalinta bai wuce na 'yar shekara shida ba, ba su da sarki, ba su da bakin da za su yi ƙara. Suna ƙuryar ɗaki, uwa ce kaɗai ta san yadda ake kwana da su. Saboda haka in mai rubuta kasafi ya ja alƙalami a kan layinsu, ba wanda zai zo ƙofar ofishinsa washegari.

Mutanenmu sukan ce wannan ɗan ruwa ne, ko musanyar aljanu ce, ko sammu aka yi wa uwarsa. Likitoci kuwa sun san sabubban da yawa. Akwai doguwar naƙuda wadda kan hana ƙwaƙwalwar jinjiri samun iska. Akwai shawarar jarirai, wadda in an gane ta a kwanakin farko ana maganinta da fitila mai shuɗin haske a asibiti, in kuwa aka bar ta ta yi tsanani sai ta ɓata ƙwaƙwalwa har abada. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000, ya bar wasu da kurumta da raunin hankali. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai waɗanda gubar ta riga ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wani nau'in kuma halitta ce tun daga ciki, ba laifin kowa. To, mai hankali zai lura cewa yawancin sabubban nan suna komawa ne ga rashin ungozoma ƙwararriya, da rashin kayan aiki a asibiti, da rashin sa ido a kan ma'adinai. Watau Gwamnatin da ta gaza a farko ita ce kuma ake jin tana neman janye hannu a ƙarshe.

Abin da yaran nan ke bukata ba wani abin al'ajabi ba ne. Suna bukatar mai gashin ƙashi da zai riƙa motsa musu gaɓoɓi don kada su sandare, da malamin da aka horar ya koya musu cin abinci da kansu da kama ruwa da furta kalma, da maganin farfaɗiya ga masu ita, wanda ake sha kullum ba fashi, da kujera mai taya, da motar da za ta kai su makaranta. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana iya dakatar da aikin gada shekara biyu a dawo a same ta inda aka bar ta, amma yaron da ya rasa gashi da horo daga shekara biyu zuwa huɗu, ba a dawo masa da waɗannan shekaru ko da kuɗi ya samu daga baya. Mai shan maganin farfaɗiya kuma in aka yanke masa farat ɗaya, ciwon kan dawo da ƙarfi, har ya yi sanadin ajali.

Mun ga yadda tsuke bakin aljihu ke tafiya a 2020, lokacin da annobar korona ta karya farashin man fetur. Gwamnatin Tarayya ta sauko da ƙiyasin gangar mai daga dala 57 zuwa dala 28, kuma a daftarin gyaran kasafin da ta kai Majalisa, kuɗin ilimi matakin farko ya faɗo daga wajen naira biliyan 111 zuwa biliyan 51, na kiwon lafiya matakin farko daga biliyan 44 zuwa 25, alhali na Majalisar Tarayya kashi 10 bisa ɗari kaɗai aka taɓa. An ba da hanzari cewa waɗancan kuɗaɗe biyu a ɗaure suke da yawan kuɗin shiga, in ya sauka dole su sauka. Mun ji. Amma wanzami dai ba ya son jarfa. A wannan shekara Jihohi 36 duka sun sake rubuta kasafinsu.

Bari mu nuna muku ƙanƙantar abin da ake rigima a kai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 bisa ɗari na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimi matakin farko, kuma a tsarin rabon wannan kuɗi aka keɓe kashi 2 bisa ɗari domin ilimin naƙasassu. Ɗan kasuwa ya buga lissafi: a cikin kowace naira 10,000, naira 4 ke nan, kuma ita ce za a raba tsakanin makafi da kurame da guragu da masu raunin ƙwaƙwalwa a ƙasa baki ɗaya. Ragowar nauyin yana wuyan Jihohi. Wanda ya zaftare irin wannan rabo bai cike giɓin kasafi ba, ya dai rufe aji.

Akwai kuma yankan da ba a gani a takarda, kuma ma'aikatan Gwamnati sun fi mu saninsa. Ana iya rubuta adadi mai kyau a kasafi, a karanta a rediyo, shekara ta ƙare ba a saki ko rubu'insa ba. Ana iya kuma maimaita adadin bara daidai, alhali dala ta tashi daga wajen naira 460 a watan Mayu na 2023 zuwa sama da naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 bisa ɗari a Disamban 2024. Magunguna da kujeru masu taya yawancinsu daga waje suke zuwa. Adadin da bai motsa ba a irin wannan hali an yanke shi ne ba wuƙa. Kuma kada a manta, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 rabon da Jihohi ke karɓa daga Abuja, in an ƙirga shi da naira, ƙaruwa ya yi ƙwarai.

To, mene ne hukuncin Shari'a a nan? Malamanmu na fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa duk tasarrufin shugaba a kan talakawansa a rataye yake da maslaharsu, kuma Imamu Shafi'i ya kamanta matsayin shugaba da na waliyyin maraya. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ma haka ya ɗauki kansa game da dukiyar baitulmali. Waliyyin maraya kuwa, in dukiya ta yi ƙaranci, ba ya fara rage abincin maraya ya bar kuɗin dokinsa. A Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya tsananta a Hijaz, Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama, ya koma cin man zaitun har launin jikinsa ya sake, ya jinkirta karɓar zakka a wannan shekara, ya aika wa Amru ɗan Asi ya turo abinci. Da kansa ya fara tsumulmular.

A aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, Allah Ya hana a miƙa wa masu ƙarancin hankali dukiya a hannunsu, amma a cikin ayar nan kanta Ya yi umurni a ciyar da su, a tufatar da su, a yi musu magana mai daɗi. Mutane sun riƙe rabin farko sun manta da na biyu. Hadisi kuma ya tabbatar cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Taklifi ya faɗi daga kansa, haƙƙinsa bai faɗi daga kanmu ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas labarin wata mace mai taɓin hankali da ta tare Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta ce tana da bukata, ya bar ta ta zaɓi lungun da take so, ya tsaya da ita har ta gama. Shugaban al'umma ne fa, da runduna da baƙi da shari'u suna jiransa. A Sahihul Buhari kuma ya tunatar da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas cewa albarkacin raunana ne ake ba al'umma nasara da arziki. A kan wannan ma'auni, layin da ake gani asara ne a kasafi, watakila shi ne ke riƙe da sauran.

Wani zai ce, ai wannan aikin iyaye ne. Gaskiya ne da farko a kansu yake. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya sani, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, amma da sharaɗin ba shi da naƙasa mai hana shi nema. In yana da ita, nauyin bai sauka ba. To in uban ya mutu fa, ko ya zama shi ma faƙiri? A nan ne Shaihu Halilu ya ƙidaya tunkuɗe cuta daga Musulmi a cikin farillan kifaya, waɗanda in kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma baitulmali shi ne hannun jama'a na sauke su. Sarakunan Musulunci sun fahimci haka. Ɗabari ya kawo a cikin tarihinsa cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, a wajen shekara ta 88 bayan Hijira, ya yanka wa kutare albashi, ya ba kowane gurgu mai hidima, kowane makaho ɗan jagora. A nan gida, Shaihu Magili a cikin Tajuddini, nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya keɓe babi guda a kan inda ya kamata a kashe dukiyar Allah, yana ta nanata cewa tushen bala'i shi ne sarki ya ɓuya daga talakawansa.

Mun san kuma inda iyaye kan nufa in ƙofar Gwamnati ta rufe. Wasu su saki yaro ya yi bara, ko a riƙa tura shi a baro kasuwa-kasuwa. Wasu su kulle shi. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da maza da yara sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa a cikin mari, sa'an nan aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Dalilan da suka kai mutane can iri-iri ne, amma kasuwar irin waɗannan gidaje tana ci ne domin iyalan da suka rasa yadda za su yi da nasu ba su da wani wurin zuwa. 'Yan mata masu raunin hankali kuwa, abin da miyagu ke yi musu ba sai mun faɗa a wannan shafi ba.

Doka ma tana tare da su. Dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa a yi masa magani kyauta a asibitocin Gwamnati. Jihohi da dama sun yi nasu dokokin. Sai dai doka ba ta biyan albashin malami sai an sa mata kuɗi.

Za a ce kuma, ga hukumomin zakka, irin Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a Kano a 2003, ga attajirai. Lalle muna kira ga 'yan kasuwa su yi waƙafi domin wannan, kamar yadda Sarki Ƙalawun ya yi wa asibitinsa na Alƙahira a 1284, mai sashen masu taɓin hankali. Shago ɗaya da aka tsayar da kuɗin hayarsa a kan maganin farfaɗiya zai riƙe gidaje masu yawa. Amma sadaka takan zo ta tafi gwargwadon ciniki, malamin aji kuwa kowane wata yake cin abinci, kuma kyautar attajiri ba ta sauke wajibin mai mulki.

Saura ku ma'aikata. Kasafi ba daga sama yake faɗowa ba, wani jami'i ne a ma'aikatar ilimi, ko ta lafiya, ko ta mata da walwalar jama'a, yake rubuta shi, babban sakatare ya duba, ma'aikatar kasafi ta ce a rage kaza. In takardar rage kuɗi ta iso teburinka, rubuta a fayil abin da ragin zai jawo: yara nawa za su koma gida, magani na wata nawa zai yanke. Shaida ce, kuma ɓoye shaida zunubi ne. Muna roƙon kowace Jiha ta ba ayyukan masu raunin ƙwaƙwalwa layinsu dabam a kasafi, kada a cusa su ƙarƙashin "tallafi" inda ake sayen shinkafar rabo, a kuma sa su cikin kuɗin da ake fara saki tare da albashi.

Majalisun Dokokin Jihohi sukan karɓi kasafi a watannin ƙarshen shekara, kuma da yawansu sukan yi zaman jin ra'ayin jama'a. Jihohi suna buga kasafinsu da rahoton abin da aka kashe kowane wata uku a intanet, duk mai waya yana iya dubawa. Shugabannin kasuwa da limamai su nemi yaro mai karatu ya fito musu da shafin makarantar naƙasassu ta Jiharsu, a gwada abin da aka rubuta bara da abin da aka saki, sa'an nan a ɗauki iyaye biyu ko uku a tafi da su wurin ɗan Majalisar mazaɓa tun kafin kwamiti ya zauna.