Talakan da talaucinsa ya yi yawa har ya rasa tallafi: giɓin Medicaid a Amurka

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara.

Mutane da yawa na ɗauka cewa a Amurka, in talaka ya kwanta ciwo, gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa. To, eh da a'a. Akwai inshorar lafiya ta gwamnati domin masu ƙaramin ƙarfi, sunanta Medicaid, tun 1965 a zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Gwamnatin tarayya da jihohi ne ke haɗa kuɗin, amma kowace jiha ita ke tafiyar da nata. Ku riƙe wannan, domin nan ne gizo ke saƙar.

Tun asali, talauci kaɗai bai isa ya shigar da kai ba. Sai kana talaka kuma kana cikin wani rukuni: yaro, mace mai ciki, tsoho, mai naƙasa, ko wasu iyaye masu ƙananan yara. Baligi mai ƙarfi a jika wanda ba shi da yara a gabansa, ko sisi ba shi da shi, babu shi a lissafi.

A 2010 Barack Obama ya sa hannu a dokar da ake kira Obamacare. Dokar ta gina tsani mai hawa biyu. Hawa na farko: duk baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci na ƙasa ba, ya shiga Medicaid. Hawa na biyu: wanda samunsa ya kai ma'aunin ko ya haura, gwamnati ta tallafa masa ya sayi inshora daga kamfani. Ba a yi tanadin tallafin ga waɗanda ke ƙasa da ma'aunin ba, don an ɗauka ai su Medicaid zai kwashe su.

Sai a 2012 Kotun Ƙoli ta ce gwamnatin tarayya ba za ta tilasta wa jihohi faɗaɗa Medicaid ba, wadda ta ga dama ta yi. Kun ga an zare hawa na farko a wasu jihohin, an bar na biyu yadda yake.

Bari in kawo misali, don lissafin ya zauna. A 2024 ma'aunin talauci na mutum ɗaya dala 15,060 ne a shekara. A ce wani bawan Allah a Houston, jihar Texas, yana wankin kwanuka a gidan abinci, yana samun dala 1,000 a wata. Dala 12,000 ke nan a shekara. Ba shi da yara. Ya je neman Medicaid, a ce masa Texas ba ta faɗaɗa ba, ba ya cikin rukuni. Ya juya neman tallafin sayen inshora, a ce masa samunsa bai kai ma'auni ba. Abokin aikinsa da ke samun dala 1,300 a wata kuwa, shi ya haye, zai samu tallafi. Wato wanda ya fi talauci shi ne aka bari a waje. Wallahi karon farko da na karanta wannan sai da na sake komawa, na zaci ban fahimta ba ne.

Iyaye ma ba su tsira ba. A Texas, uwa mai yara biyu da ke samun dala 500 a wata ta riga ta wuce iyakar da aka sa wa iyaye. Yaran za su samu, ita ba za ta samu ba.

Zuwa ƙarshen 2023, jihohi 40 da birnin Washington sun faɗaɗa. North Carolina ce ta shiga a Disambar shekarar. Goma suka rage, cikinsu har da Texas, Florida, Georgia, Alabama da Mississippi. Mutane sama da miliyan ɗaya ne ke cikin wannan rami, akasarinsu a kudancin ƙasar, kuma da yawansu ma'aikata ne, aikin ne dai ba ya zuwa da inshora. Jihohin suna cewa tsoron kashe kuɗi suke, alhali gwamnatin tarayya ke biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin sababbin shiga. Ni dai a ganina siyasa ta fi yawa a ciki. Ku duba Missouri da Oklahoma: shugabanni sun ƙi, sai da jama'a suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a 2020 suka amince da kansu.

To in irin wannan mutumin ya kwanta ciwo fa? Akwai dokar 1986 da ta hana asibiti korar wanda aka kawo sashen gaggawa saboda ba shi da kuɗi. Amma aikinsu su ceto ransa ne kawai, kuma takardar kuɗi za ta biyo shi har gida. Mai ciwon suga ko hawan jini kuwa, abin da yake bukata maganin kullum ne da ganin likita a kai a kai. Sai ya riƙa tsallake magani, yana jinkiri, har ciwon ya kai shi gaggawar, inda kuɗin ya ninka.

Ga wani giɓin da ya shafi 'yan uwanmu da ke can. Tun dokar 1996, yawancin baƙin da suka samu katin zama na dindindin sai sun yi shekara 5 kafin su cancanci Medicaid, kodayake wasu jihohin sun sassauta wa yara da masu ciki. Wanda ba shi da takardu kuwa, daga kuɗin tarayya ba ya samun komai sai na gaggawa.

Ko wanda ya shiga ma bai gama ba. Lokacin korona an hana jihohi cire kowa. Da aka ɗage hanin a Afrilun 2023, sama da mutum miliyan 20 aka cire, kuma mafi yawansu ba don an tabbatar sun daina cancanta ba ne. Takarda ce ba ta dawo a kan lokaci ba, ko wasiƙa ta je tsohon adireshi. Sannan dokar da Donald Trump ya sa wa hannu a Yulin 2025 ta ƙara sharaɗi: manyan da suka shiga ta hanyar faɗaɗawar za su riƙa nuna shaidar aiki, karatu ko hidimar al'umma na awa 80 a wata, daga 2027. Mai aikin yau da akwai gobe babu, shi zai fi shan wahalar haɗa wannan shaidar.

Masu saurarenmu da ke zaune a can, ku faɗa mana yadda abin yake a jiharku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.