Daga situdiyon Sakkwato zuwa Amurka: Yadda kiɗan Mdou Moctar ya sauya cikin shekara 17

A ƙarshen watan Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta katse layukan sadarwa a wasu yankuna saboda matsalar 'yan bindiga, Birnin Gwari na cikin wuraren da abin ya shafa. A ƙauyukan gabashin masarautar irin su Kazage, wayar hannu ta koma rediyo da akwatin adana waƙoƙi. Duk wanda ke son sabuwar waƙa sai ya nemi mai ita, su haɗa waya da waya ta Bluetooth ko su yi musayar memori.

Wannan hanya da ake wa kallon ta marasa galihu ita ce ta fito da ɗaya daga cikin makaɗan jita da aka fi sani a duniya a yau, wato Mahamadou Souleymane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka fi sani da Mdou Moctar. Abin da mutane da yawa a Arewacin Najeriya ba su sani ba shi ne, a Sakkwato aka ɗauki faifansa na farko.

Jitar katako da wayar burki

Moctar Ba'abzine ne da ya tashi a yankin Abalak da Tchintabaraden, a Jihar Tawa. Iyayensa ba su amince da kiɗa ba saboda dalilan addini, don haka da ya ga wasan makaɗi Abdallah Oumbadougou ya kamu da sha'awar sana'ar, sai ya harhaɗa jitarsa da katako da wayar burkin keke. Bahago ne, da hannun hagu yake kaɗawa har yau. Salon da ya gada shi ne wanda Abzinawa ke kira assouf, kiɗan kewa da begen gida da ƙungiyar Tinariwen ta yaɗa daga sansanonin gudun hijira na Aljeriya da Libiya.

Zangon Sakkwato

A 2008 ya tsallako Sakkwato ya ɗauki faifan Anar. A lokacin, waƙoƙin finafinan Hausa sun mamaye kasuwa da fiyano da gangar na'ura da kuma Auto-Tune, manhajar da ke lanƙwasa murya. Da irin waɗannan kayan aiki aka haɗa faifan, sai ya fito da waƙoƙin soyayya cikin harshen Tamashek amma da amon Kannywood.

Faifan bai samu kamfanin da zai rarraba shi ba. Wayoyi ne suka ɗauke shi daga hannu zuwa hannu har arewacin Mali, sau da yawa ba tare da sunan mai shi ba. A can ne wani Ba'amurke mai tattara kaɗe-kaɗe, Christopher Kirkley, ya ji waƙar Tahoultine. Ya bi diddigi har ya gano mawaƙin, ya saka waƙar a tarin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma kawo masa jitar lantarki ta bahagwai.

Daga mutum ɗaya zuwa ƙungiya

Faifan Afelan na 2013, wanda aka ɗauka a Tchintabaraden, ya ajiye na'urar lanƙwasa murya ya dawo da jita gaba. A 2015 Moctar ya fito a matsayin jarumin fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka shirya a Agadas bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. A 2017 ya saki Sousoume Tamachek, faifai mai sanyi da kusan shi kaɗai ya kaɗa komai a cikinsa.

Babban juyi ya zo a 2019 da faifan Ilana: The Creator, wanda aka ɗauka a birnin Detroit na Amurka. Daga nan sunan Mdou Moctar ya zama na ƙungiya mai mutum huɗu: shi kansa, da Ahmoudou Madassane mai jitar amshi, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke mai jitar bes wanda kuma ke haɗa sautin. Kiɗan ya ƙara sauri da kauri, jita ta riƙa kuka irin na salon rock, kuma Moctar bai ɓoye cewa ya nazarci yadda Eddie Van Halen ke buga tsirkiya da yatsu ba. Sai dai gangar ba ta bar zagayen kiɗan bikin Abzinawa ba, wanda ke farawa a hankali ya yi ta ɗaukar zafi.

Murya ta koma ta koke

Yayin da amon ke ƙara ƙarfi, jigon waƙoƙin ma ya sauya. Afrique Victime, wanda kamfanin Matador na New York ya fitar a 2021, ya taɓo mulkin mallaka da halin da mata ke ciki. Funeral for Justice na Mayun 2024 ya fi shi zafi: ya soki Faransa kai tsaye, ya kuma yi kira ga Abzinawa da su riƙe harshensu. Ga mutumin da ya fito daga ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, alhali galibin ƙauyukanta ba su da lantarki, wannan koke ba na aro ba ne.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum ya riske su suna rangadi a Amurka. Rufe iyakoki ya hana 'yan Nijar ukun komawa gida na wani lokaci. A wannan zaman jiran suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jitar da ba ta lantarki ba, aka fitar da su a Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. Bayan shekara 17, kiɗan ya koma kusa da yadda ake yin sa a kan tabarma.

Abin lura ga Arewa

Tarihin nan ya nuna abu biyu. Na farko, fasahar da situdiyoyin Arewa suka ƙirƙiro don waƙoƙin fim ta isa ta ja hankalin duniya, domin amon Sakkwato ne ya fara sa aka nemi Moctar. Na biyu, waƙa na iya ratsa ƙasashe a cikin memori ba tare da ko kwabo ya shiga aljihun mai ita ba. Sai da aka samu mai neman sunansa, da yarjejeniya a rubuce, da kamfanin rarrabawa, sannan basirar ta zama abin dogaro.

Matasan da ke kiɗa a garuruwa irin su Birnin Gwari, inda rashin tsaro ya daɗe yana taƙaita tafiye-tafiye da taron biki, suna da waya da memori kamar yadda Moctar yake da su a 2008. Abin da ya rage shi ne tsarin da zai liƙa sunan mai waƙa a jikin waƙarsa, ya kuma dawo masa da haƙƙinsa idan ta yi nisa.